Baƙar Agwagwar da Ta Yi Kwanci Biyu

Bari in fara da gyara, domin na gaji da jin labarin nan a karkace. Kakata ba don agwagwa ta ƙi barin Kumasi ba. Duk wanda ya gaya maka haka, ko dai ba ya nan a lokacin, ko yana nan amma idonsa na kan kayan da yake ɗaurewa. Ran sadakar arba'in ɗinta ma sai da aka sake maimaita shi. Mata sun cika tsakar gida ana rabon masa, wata tsohuwa daga unguwar Alabar ta ce Allah ya ji ƙan mai agwagwa, gari na tashi ita tana gadin ƙwai. Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa mamacin da ake so. Ni ina bayan ɗaki ina kwaɓa dusa, tunda tsuntsaye ba su san ana zaman makoki ba. Tsamin jiƙaƙƙiyar dusar ya bugi hancina, sai ga ni na koma yarinya 'yar shekara goma riƙe da ƙwarya cike da ƙwai. Da hannuna na ɗauko ƙwan nan. Saboda haka ni ce zan faɗa.

Gidanmu yana gangaren Tafo, inda gidajen zango suka ƙare ciyawa ta fara. Kada ka ji an ce gona ka zana wani babban abu a ranka. Fili ne a bayan ɗakuna, an kewaye shi da tsofaffin kwanon rufi da gora, ya gangara zuwa wani ɗan rafi. Akwai 'yan bishiyoyin ayaba, da akurkin laka da Kaka ta gina da kanta, da fasassun tukwane da ta kwantar a gindin ayabar don masu kwanci. Da safe in an buɗe, kaji ke fara fitowa da hayaniya kamar an biyo su, agwagi kuma su biyo baya a jere, ba gaggawa, su nufi rafi. Namu irin masu jan fuskar nan ne, ba sa kuka, sai huci. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne in ɗauki daro in je injin niƙa, wanda muke cewa nika-nika, in karɓo dusa a hannun mata masu yin dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. In na dawo da rana in haƙo gara don 'yan tsaki. Kaka takan tsoma 'yan tsakin a ruwan galura su fito jajaye, wai don shirwa ta gan su ta rasa ko mene ne. Yatsuna ba sa rabuwa da ja, har malamar ajinmu ta gaji da tambaya.

Mutanen zango suna son kajinmu da ƙwanmu, amma agwagwa sai su yamutsa fuska, wai ƙazama ce mai wasa da kwata. Tonawa ne masu saye, wato Asantawa masu gari. Akwai wata Batoniya mai sayar da abinci a Bantama, ƙatuwar mace mai dariya da dukkan jikinta, ita ce babbar mai cinikinmu. Tana kiran Kaka Maame Dabodabo, uwar agwagi ke nan a bakinsu. In suka zauna ciniki da Tonanci sai ka rantse faɗa suke. Ita ta ce toron nan ƙashi ne da gashi, Kaka ta ce to ta je ta dafa gashin kanta. Su gama zage-zage, su raba goro, ta ɗaure ƙafafun toro ta aza a ka.

A Kumasi aka haifi Kaka. Mahaifinta fataken goro ne da ya zo daga Kano ya zauna, bai koma ba. Mijinta yana kwance a maƙabartar Tafo, in ka tsaya a bakin rafinmu kana hango kan itatuwanta. Kano kuwa, ta san ta kamar yadda kowa ya san Makka kafin ya je, a bakin mutane.

Ƙa'idoji biyu take da su a kiwonta, kuma sai ka riƙe su ne za ka gane sauran labarin. Ta farko, ba ta sa wa agwagwa ƙwai in ruwan sama ya ɗauke. Rafi na janyewa, gara na wuyar samu, 'ya'yan sai su lalace. In agwagwa ta nemi kwanci a lokacin, kwashe ƙwan ake yi a sayar, a kore ta daga gurbi har abin ya sake ta. Ta biyu ta gada ce daga uwarta: a gidanmu ba a ɗaga tsuntsuwar da ke kwanci, kuma gida ba ya tashi ya bar ta a kan ƙwai. Wanda ya yi haka, in ji su, duk inda ya je zama ba zai karɓe shi ba. Malamin unguwarmu ya ce camfi ne. Ni ma da na yi karatu na ce camfi ne. Amma ban taɓa ganin ɗan gidanmu da ya gwada ba.

Cikin azumi ne dokar ta fito, a ƙarshen shekarar sittin da tara. Baba ya ji ta a rediyon mai shayi, ya shigo gida fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Duk baƙon da ba shi da takardar zama, mako biyu aka ba shi ya bar ƙasar. Na tambayi Mma, mahaifiyata ke nan, su wane ne baƙin, ta ce in rufe mata baki. Daga baya na gane mu ne. Baba yana da teburin goro a babbar kasuwa, a nan Kumasi aka haife shi, amma takarda ba shi da ita, don ba wanda ya taɓa tambayarsa. Wa ke neman takardar zama a ɗakin da aka yanke masa cibiya?

Akwai wata baƙar agwagwa mai farin wuya, uwar rabin agwaginmu, wadda ta fara neman kwanci kwanaki kafin nan. Bisa ƙa'ida, Kaka ta sa na kwashe ƙwanta na zuba a ƙwarya cikin toka, ana jiran mai saye, kuma kullum ni ke korarta daga tukunya tana min huci. Washegarin dokar, da hantsi, Kaka ta kira ni. Uwata take ce min, don sunan mahaifiyarta aka sa min. Ta ce in ɗauko ƙwaryar nan. Ta riƙa ɗaukar ƙwan ɗaya-ɗaya tana ɗaga shi ga rana ta cikin dunƙulen hannunta, ta ware na warewa, sauran ta ja musu layi da gawayi, ta jera su a gurbi. Baƙar ta zo ta leƙa, ta gyara su da baki, ta zauna.

Na ce, "Kaka, ai ruwa ya ɗauke."

Ta ce, "Na ga kin iya karatun sama. Je ki ɗebo mata ruwa a kasko."

Wannan shi ne abin da masu dariya ba su sani ba. Suna cewa doka ta tarar da agwagwa a kan ƙwai, tsohuwa ta kasa rabuwa da ita. Ba haka ba ne. Doka ce ta fara zuwa. Kwancin agwagwa mako biyar ne, doka ta ce biyu, kuma Kaka ta fi kowa sanin wannan.

Me ya sa ba ta fito fili ta ce ba za ta je ba? Ai ka san amsa in ka san gidajenmu. Maza sun zauna sun yanke, 'ya'yanta ne, sun girma, su ke riƙe da gida. Tsohuwa ba ta tsayawa ta ce wa shawarar maza a'a, za a ce ta kunyata su a idon jama'a, kuma a ƙarshe a lallaɓa ta a sa ta a mota. Amma ƙa'idar uwarta, wannan ba tata ba ce balle a roƙe ta ta janye.

Zango ya rikice a makonnin nan. Mutane na sayar da gadon ƙarfe da keken ɗinki a kuɗin da ba ya sayen tabarma. Gidan da ka shiga jiya ka sha koko, yau ka tarar da ƙofa a buɗe da kyanwa a tsakar gida. Mma ta ɗaure kayanta tun ranar farko, ta jera kwanonin aurenta cikin juna ta naɗe da zani, muka koma girki da tukunya ɗaya. Iyayenta na cikin masu tafiya, kuma ita ba ta ga abin tsayawa ba. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Baffa, yayan Baba, shi ya samo mana wuri a lori daga Alabar. Ran da za a tashi ya zo da kansa da safe, da azumi a bakinsa da gumi a goshi. Shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, maganarsu ma rabi ta bakin wani take bi. Ya same ta a bayan ɗaki tana zaune a kujerar tsuguno kusa da tukunyar. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi bayani a hankali, ya ce mota ba ta jira, ya ce ana kama mutane a hanya, ya ce agwagwa akwai ta a Kano. Kaka ta juya gare ni.

"Uwata, gaya wa mutumin nan ni ban hana kowa tafiya ba. Ga ta nan. Ya ɗaga ta, sai mu tafi."

Ban gaya masa komai ba, ai ya ji. Ya miƙe, ya taka har bakin tukunyar. Baƙar ta miƙa wuya, ta tayar da gashin kanta, ta fara huci. Na ga hannunsa ya yi gaba. Mutum ne mai mata biyu da yara cike da gida, zai kai su ƙasar da shi kansa bai taɓa gani ba, kuma an ce masa wanda ya ɗaga kwanci zama ba zai karɓe shi ba. Hannun ya tsaya a iska, ya koma aljihu. Ya ce wa Baba, to, kai ka zauna da Inna, in an ƙyanƙyashe ku biyo mu. Ya fita bai waiwaya ba, ina jin ba ya so a ga idonsa. Mma ta raka iyayenta tasha ita kaɗai, ta dawo ta shiga ɗaki, ranar ba a hura wuta ba sai da aka kusa shan ruwa.

Wa'adi ya cika muna nan. Baba ya daina zuwa kasuwa, don tsoron a tare shi a tambaye shi abin da ba shi da shi. Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye dusa ba, sai ga shi yana gyaran shinge yana koyon kama kaza ba tare da ta tara masa jama'a ba. Tsuntsayen nan da ake rainawa su suka ciyar da mu. Ni ke kai ƙwai gida-gida a cikin waɗanda suka rage. Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce shiru, ba sabon ɗinki. Da Buronya ta matso, bikin Kirsimetinsu, Batoniyar Bantama ta zo ta kwashe toraye, kuma a karon farko ba ta ce ƙashi ne da gashi ba. Ta dubi ɗaurarrun kayan Mma ta ƙofa, ta dubi Kaka, ta yi tsaki mai tsawo, ta zauna suka ci goro.

Sai ƙwai ya fara tsagewa. Mma ta ji kukan 'ya'yan tun daga ɗaki, ta fito fuskarta a sake, ta fara ƙara ɗaure abin da ya kwance. Kaka kuwa ta riga ta duba kajinta kaf, ba ko ɗaya mai neman kwanci. Abin da ta yi, na san ba ta taɓa yi ba, kuma ta sha zagin masu yi. Duk ɗan da ya fito ya bushe, sai ta zare shi daga ƙarƙashin uwar ta sa a kwando, in kai ɗakinta kusa da kaskon wuta. A gurbinsa ta tura sabon ƙwai mai layin gawayi. Baƙar ta yi ta juya kai tana neman 'ya'yanta, ta ji ƙwai a ƙarƙashinta, ta gyara, ta sake zama.

Mma ta tsaya a kanmu, hannu a ƙugu. Ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Inna, ni ma ina da uwa."

Kaka ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, 'yar nan."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Baba yana jikin shinge da guduma a hannu, ya ji komai, ya ci gaba da buga ƙusar da ta riga ta shige.

Agwagwa mai kwanci ba ta ci sai kaɗan. Sau ɗaya take tashi a yini, ta sha ruwa, ta jiƙa gashinta, ta koma. Mako biyar jikinta na iya ɗauka. Sau biyu a jere, a'a. Na ga baƙar nan tana ƙarewa a idona. Jan fuskarta ya koɗe, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa, hucin ma ya zama iska kawai. Kaka ta riƙa kai mata gara har baki, tana jiƙa dusa da ruwan ɗumi, tana mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri. Na ce mata za ta mutu. Ta ce ta sani, kuma in daina gaya mata abin da ta sani.

Ana saura 'yan kwanaki a ƙyanƙyashe, makonni kaɗan kafin Babbar Sallah, na je da kasko da safe na tarar da wuyanta a miƙe a bakin tukunya. Ƙwan da sauran ɗuminsu. Kaka ta zo, ta ɗauke gawar da hannu biyu ta ajiye gefe, ta kwance bakin zaninta, ta kwashe ƙwan ta jera a cikinta, ta naɗe, ta rufa da mayafi, ta zauna a kujerarta. Wannan ma ana ba da shi ana dariya, tsohuwar da ta yi kwanci da kanta. Ni da na gani ban ga abin dariya ba. Ta san jikin mutum ba zai riƙe su ya wuce yini ba. Ba sauran tsuntsuwa a kan ƙwai, ba sauran ƙa'ida da za ta tsaya a bayanta. Mma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Duk muka dubi Baba.

Ya sa hularsa ya fita. Mutumin da ya yi wata biyu bai wuce masallacin unguwa ba. Mma ta ce tasha ya tafi neman mota, ta shiga ta fara fito da kaya tsakar gida. Kaka ba ta motsa ba, ko ruwa sai da na kai mata baki. Rana ta take, ta karkata.

Bayan azahar ya dawo, ƙafafunsa fari fat, da kwando a rufe a hammata. Har Bantama ya je a ƙasa, ta tsakiyar gari, ya tsaya a rumfar Batoniyar nan ya tambaye ta ko ta san mai kazar da ke neman kwanci. Ta bar tukunyarta a wuta ta zaga da shi gidajen 'yan'uwanta har aka samu. Wata jar kaza ce mai mugun hali. Ya durƙusa gaban uwarsa, ya buɗe kwandon, ya ce, "Inna, kawo su kafin su huce."

Kaza ba ta rufe ƙwan agwagwa da yawa. Aka zaɓi waɗanda za ta iya, aka kifa mata kwando don kada ta gudu, ta yi ta masifa, daga baya ta zauna. Kaɗan ne suka fito, sauran suka zama baragurbi. Amma maganar tafiya ta mutu tun lokacin da Baba ya buɗe kwandon nan, don yanzu ba Kaka ce ta sa ƙwai ba, mai gida ne. Mma ta mayar da kayanta ɗaki, ta kwance zanin, ta jera kwanoninta ɗaya bayan ɗaya da ƙara yadda kowa zai ji.

Ba zan yi maka ƙarya in ce kowa ya ci riba ba. Baba ya sha zirga-zirga kafin ya sami takarda, teburinsa kuwa ya tarar da wani a kai, bai sake samunsa ba. Da ruwa ya dawo, shi da Kaka suka faɗaɗa shinge har bakin rafi, kuma da ƙwai da toraye aka biya min makaranta har na gama sakandare. Mahaifiyar Mma ta rasu a can Kano, ba su sake ganin juna ba. Mma ta yi wa Kaka hidima har ranar da ta cika, ta yi mata wanka, ta juya ta a shimfiɗa, amma ban taɓa ganin ta zuba wa agwagwa ko ƙwayar hatsi ba. Wannan ma yana cikin labarin, kuma masu dariya ba sa faɗarsa.

Yanzu abin ya juya. Ba wanda ya kore mu, amma kowa tafiya yake. Samarin unguwa sun ƙare a Legas, shaguna ba kaya, kowa na cewa arziki yana can. Rafinmu ya zama kwata, gidaje sun tsallake shi sun ci gaba. Bayan sadakar arba'in, Baffa ya aiko daga Kano a ce wa Baba ya turo ni, akwai aikin ofis ga mai takardar sakandare, filin baya kuma a gina ɗakunan haya, tunda mai agwagwa ta tafi. Maza sun zauna, sun ga shawara ce mai kyau. Ni ba a tambaye ni ba, an dai gaya min.

Akwai wata baƙa mai farin wuya a bayan ɗaki yanzu, jikar jikar waccan, tana neman kwanci. Mma ta gan ni jiya ina ɗaga ƙwai ga rana, ta tsaya ta ce, ke ma? Na ce mata a'a. Kaka ta ɓuya a bayan agwagwa ne don ba ta da wata hanya, kuma agwagwar ce ta biya. Ni ba zan kashe tsuntsuwa don a faɗa min maganata ba. Gobe in Baba ya dawo daga masallaci zan durƙusa in gaishe shi, in gaya masa da bakina cewa ba zan je ba, kuma filin nan ba za a taɓa shi ba, ni zan riƙe shi. In ya yi fushi, ya yi, na san mutumin da ya taka har Bantama. Sai na gama faɗa masa sannan zan sa ƙwan, kuma kwanci ɗaya za ta yi.